Sanyaya gine-gine da ruwan ƙasan teku: tambayoyin da ake yawan yi kan abin da yake yi wa muhalli

Ni dai sana'ata injinan sanyi ne, daga esi na ɗaki har manyan injinan da ke sanyaya otal da ofisoshi, waɗanda mu masu aikin muke ce wa cila. Duk lokacin da maganar nan ta taso, wato cewa akwai garuruwan da suke jawo ruwa daga can ƙasan teku su sanyaya benaye da shi, tambayoyin kusan iri ɗaya ne suke dawowa, daga abokan aiki, daga ɗalibai masu karatun injiniya, har da waɗanda a rediyo kawai suka tsinci labarin. Shi ya sa na tara su wuri guda. Abin yana raina sosai, domin na san irin wutar da esi yake sha, kuma na san teku akwai masu rai a cikinta da mutanen da abincinsu yake fitowa daga can.

Wai da gaske ne ruwan ƙasan teku yana da sanyi ko a ƙasashe masu zafi?

Da gaske ne. Rana saman ruwan kawai take iya dafawa, mita 100 zuwa 200 na sama, kuma ruwan ɗumi bai kai na sanyi nauyi ba, sai ya zauna a sama kamar man gyaɗa a kan miya, na sanyin ya kwanta a ƙasa. A yankunan zafi za ka tarar saman teku yana digiri 27 ko 28, amma in ka gangara mita 1,000 ruwan bai wuce digiri 4 zuwa 5 ba, kamar wanda aka fito da shi daga firij. Asalin wannan ruwa daga yankunan ƙanƙara yake, wajen Antatika da arewacin tekun Atlantika, can yake nutsewa ya riƙa rarrafe a ƙasan teku ɗaruruwan shekaru kafin ya iso.

Tafkuna masu zurfi a ƙasashen da ake hunturu mai ƙanƙara su ma haka suke, don ruwan daɗi ya fi nauyi a digiri 4, shi ya sa ƙasan tafkin yake zama a digiri 4 rani da damina. Namu tafkunan ba haka suke ba, na yi bayaninsu a amsa ta ƙarshe.

To ruwan gishirin ne ake turawa cikin ɗakuna?

A'a, ko kusa. Da an yi haka da bututun ginin sun yi tsatsa sun ruɓe. Ka san yadda lagireton mota yake, ruwa a ciki iska a waje, ba sa haɗuwa amma zafi yana ƙetarawa? Haka ake yi a nan. A bakin teku akwai tasha, a cikinta an jera siraran faranti na ƙarfen titaniyom ɗaruruwa a matse, ruwan teku mai sanyi yana bi ta gefe ɗaya, ruwan daɗi na gine-ginen yana bi ta ɗaya gefen. Ruwan daɗin ya yi sanyi ya tafi benaye ta bututun ƙarƙashin titi, ya kwaso zafi ya dawo, haka yake ta zagaye. Shi kuma na tekun, da ya karɓi zafin, sai a mayar da shi teku yana wajen digiri 11 zuwa 14. A riƙe wannan mayarwar a rai, don kusan duk rigimar muhalli a kanta take.

A ina aka taɓa yin wannan, ko dai a takarda kawai yake?

An yi, kuma yana aiki. Jami'ar Cornell da ke jihar New York a Amurka tun shekarar 2000 take sanyaya gine-ginenta da ruwan tafkin Cayuga daga zurfin mita 76. Birnin Toronto na Kanada ya fara nasa a 2004, kamfanin Enwave ne ya shimfiɗa bututu uku kilomita 5 cikin tafkin Ontario zuwa zurfin mita 83, yanzu gine-gine sama da 100 ne a kai. A birnin Geneva na Switzerland ma ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya da ruwan tafkin garin ake sanyaya su.

Na teku zalla kuwa tsibirai ne suka yi gaba. A tsibiran Hawayi na Amurka akwai wata cibiyar bincike a Keahole kusa da Kona, ana ce mata NELHA, wadda bututunta mafi girma ya kai zurfin mita 900. A tsibiran kudancin tekun Fasifik kuma, otal ɗin InterContinental na Bora Bora ya fara a 2006, sai otal ɗin The Brando a Tetiaroa a 2014, sannan a 2022 babban asibitin Tahiti ya kunna nasa, da bututu mai tsawon kilomita 3.8 da ya sauka wajen mita 900. Wannan na asibitin ya fi burge ni, don asibiti ba ya wasa da sanyi, ɗakin tiyata da ma'ajiyar magani dare da rana suke buƙatarsa.

Wace riba muhalli yake samu?

Wuta ce babbar riba. A esi abin da ke shan wuta shi ne kwamfureso, shi kuwa wannan tsari famfunan tura ruwa kawai yake buƙata, shi ya sa wutar da ake kashewa kan sanyi take raguwa da kashi 80 zuwa 90 cikin 100. Hukumar makamashi ta duniya ta fitar da rahoto a 2018 cewa esi da fanka suna cin kusan kashi 10 cikin 100 na wutar duniya baki ɗaya, kuma esi biliyan 1.6 da ake da su a lokacin za su iya kai biliyan 5.6 zuwa 2050. Duk wannan wuta a wani wuri ake ƙona gas ko gawayi ko dizal a samar da ita.

Sai gas ɗin esi, wanda mu masu gyara muka fi kowa sanin yadda yake salwanta. Sau nawa na ga yaron shago ya kwance bawul, gas ɗin ya yi tsiii yana fita fari kamar hazo, yatsunsa su daskare ya yarfe hannu, a minti biyu ya bi iska. To wannan gas ɗin, irin wanda ake ce wa R-410A, kilo ɗaya nasa yana riƙe zafi a sararin sama kamar kilo 2,000 na iskar kabon, shi ya sa aka yi yarjejeniyar Kigali a 2016 don rage irinsa. Ginin da ke kan ruwan ƙasan teku kusan ba ruwansa da wannan gas. Ga kuma ruwan daɗi da manyan cila suke busarwa a hasumiyar sanyaya ruwa ta saman bene, shi ma an huta da asararsa. Sannan wanda ya taɓa bi ta lungun bayan wata plaza a Kano cikin watan Afrilu, inda bayan esi talatin suke huro wuta a fuskarka kamar ka leƙa tanderun burodi, ya san esi ɗaki yake sanyayawa ya ƙara wa titi zafi.

In haka ne mene ne abin tsoro? Ai ruwan teku ne aka mayar teku

Nan ne mutane suka fi yin kuskure, suna ɗauka ruwan teku duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Duk abin da ya mutu a saman teku, ƙananan tsirran da ido ba ya gani, kashin kifi, gawar halittu, ƙasa yake gangarawa ya ruɓe a can, kuma a can babu hasken rana balle wani tsiro ya shanye abin da ya ruɓe. Don haka ruwan ƙasa cike yake da sinadaran naitirojin da fosfaros, wato biyu daga cikin ukun da ke buhun takin NPK. Saman teku a yankunan zafi kuwa kusan babu taki a cikinsa, shi ya sa kake ganinsa garau shuɗi, kuma murjani, wato halittun nan masu taruwa kamar duwatsu a ruwa mara zurfi, da kifayen da ke rayuwa a jikinsa da wannan ruwa mara taki suka saba.

Yanzu ka ɗauko wancan ruwa mai taki ka zuba shi a wurin da rana take kaiwa, dare da rana ba tsayawa, shekara da shekaru. Wanda ya ga yadda kududdufi yake komawa kore shar in ruwan sama ya wanko masa taki daga gonaki ya gane abin da zai iya faruwa. Gansakuka ta samu abinci ta yi yawa, ta lulluɓe murjani ta tare masa haske, in ta mutu ta ruɓe ta cinye iskar da kifi yake shaƙa a ruwa. Wasu nau'in ma guba gare su, tana taruwa a jikin abin da mutane ke ci.

Amma kada a ɗauka takin nan sharri ne a ko'ina. A gaɓar Peru da Muritaniya da Senigal da Namibiya, iska da igiyar ruwa ne suke tayo da ruwan ƙasa sama da kansu, kuma nan ne kifi ya fi yawa a duniya. 'Yan'uwanmu na Gana sun san wannan, daga Yuli zuwa Satumba ruwan gaɓarsu yake yin sanyi kifin sadin ya cika kasuwa. Bambancin shi ne halittun can an halicce su a kan wannan tsari, na bakin murjani kuwa baƙo ne aka kawo musu. Shi ya sa ni in aka nuna min irin wannan aiki, kafin in tambayi megawat nawa, tambayata ta farko ita ce a zurfin mita nawa za a mayar da ruwan.

An taɓa samun rigima a kan wannan a zahiri?

An samu, kuma ta Cornell ce ta fi daɗewa. Su daga ƙasan tafkin suke ɗebowa amma a kudancinsa suke mayarwa, wuri mara zurfi kusa da garin Ithaca, inda tun da can ana kukan ciyayin ruwa da gansakuka. Mazauna garin suka ce jami'a tana kwaso fosfaros daga ƙasa tana kawo musu bakin ƙofa. Jami'a ta ce ba ta ƙara wa tafkin komai ba, nasa ne ta ɗauka daga nan ta ajiye a can. Aka yi shekaru ana ja, har hukumar muhalli ta jihar ta sa jami'ar ta biya kuɗin babban bincike a kan tafkin a matsayin sharaɗin lasisi. Binciken ya nuna mafi yawan fosfaros daga gonaki da rafuka yake shigowa. Duk da haka ni ina ganin mutanen garin ba su yi laifi ba da suka tsaya kai da fata, don tsayuwarsu ce ta sa aka riƙa auna ruwan ana faɗa wa jama'a sakamako.

A Honolulu, babban birnin Hawayi, inda aka shirya irin wannan aiki amma ba a kai ga gina shi ba, tun a takarda aka fara gyara. Shirinsu shi ne su ɗebo daga zurfin sama da mita 500, amma a tsarin farko bakin mayarwar ba shi da zurfi sosai, da aka yi nazarin muhalli aka ga yana kusa da murjani sai aka tura shi ƙasa, ya wuce mita 100, inda haske ya yi rauni. Ana kuma yi wa ƙarshen bututun ƙofofi da yawa a jere don ruwan ya watsu ya gauraya, kuma da yake ya fi na kewayensa sanyi da nauyi, ƙasa yake gangarawa. Kowace mita da aka ƙara wa bututun kuɗi ce, shi ya sa a nan kamfani yake son ya rage, a nan kuma ya kamata hukuma ta ƙi yarda.

Bututun ba ya zuƙe kifi?

Yana zuƙa, ba za a ce babu ba. A zurfin mita 900 halittu ba su da yawa kamar sama, amma akwai su. Babban kifi yana iya kauce wa jan ruwan in ba shi da ƙarfi, shi ya sa a Amurka ma'aunin da aka saba bi shi ne kada gudun ruwa a bakin ragar ya wuce santimita 15 a daƙiƙa. Ƙananan ne abin tausayi, ƙwai da 'ya'yan kifi da ƙananan jatan lande, su raga ba ta tare su, kuma abin da ya saba da duhu da sanyi da nauyin ruwan ƙasa in aka jawo shi sama da wuya ya rayu.

A Hawayi masana sun nuna damuwa kan wani taron ƙananan kifaye da jatan lande da ke yini a zurfin mita 400 zuwa 700 a jikin gangaren tsibirin, da dare su hau sama neman abinci, kuma su ne abincin wasu dabbobin dolfin da manyan kifaye. Da an gina shi, bakin bututun Honolulu a tsakiyar mazauninsu zai zauna. Ka ga ba wurin mayarwa kawai ba, wurin ɗebowa ma sai an zaɓa.

Duk zafin benayen nan da ake juyewa a teku ba zai ɗumama ta ba?

Mu yi lissafi. Ruwa lita 1,000 a kowace daƙiƙa, in ya ƙaru da digiri 6, ya kwashe zafin megawat 25, wanda ya isa unguwar benaye guda. Rana kuwa da tsakar rana tana zuba kusan megawat 1,000 a kan murabba'in kilomita ɗaya na teku. To ka ga tashar ba ta kai kashi 3 cikin 100 na wannan ba. Ɗumamar da teku take yi yanzu daga hayaƙin da ake ƙonawa take, don teku ce take shanye kusan kashi 90 cikin 100 na rarar zafin da ɗumamar yanayi ta tara, kuma wannan tsari rage hayaƙin yake yi.

Abin da mutane ba sa zato shi ne ruwan da aka mayar ya fi na wurin sanyi, ba zafi ba. Digiri 12 a wurin da halittu suka saba da 25, murjani yana iya yin fari ya mutu saboda sanyi kamar yadda yake yi saboda zafi. Maganin dai shi ne wanda na faɗa a amsar Honolulu. A ƙaramin tafki kuwa dole a yi lissafin zafin da kyau, don ruwan sanyinsa yana da iyaka, hunturu ne yake sake cika shi duk shekara.

Na ji an ce ruwan ƙasa yana ɗauke da iskar kabon, ashe ba a rabu da Bukar ba?

Yana ɗauke da ita fiye da na sama, saboda ruɓewar da na yi bayani a amsar taki, kuma iskar shaƙa ta yi ƙaranci a cikinsa, ya kuma ɗan fi tsami. In aka bar shi a buɗe wani ɓangare na kabon ɗin zai fita kamar yadda lemon kwalba yake huci in an buɗe. Sai dai kaɗan ne ƙwarai in aka kwatanta da hayaƙin tashar wutar da aka huta ƙonawa, kuma in ruwan a rufe ya bi bututu ya koma zurfi mafi yawansa bai ma haɗu da iska ba. Wani alheri kuma, ruwan ƙasa ba ya sa bututu ya yi gansakuka da ƙananan katantanwa kamar na sama, don haka ba a buƙatar zuba kulorin da yawa irin na tashoshin da ke ɗiban ruwan bakin gaɓa.

Aikin shimfiɗa bututun fa?

Ɓarnar da ido yake gani a nan take. Bututun na roba ne mai kauri, wani faɗinsa ya fi mita ɗaya, ana haɗa shi a tudu a ɗaura masa zobban kankare, a ja shi yana yawo a saman ruwa, sannan a cika shi da ruwa a hankali ya nutse. A zurfi kwanciya kawai yake yi a ƙasa. Kusa da gaɓa ne matsala, in aka haƙa rami ta cikin murjani an kashe abin da ya yi shekaru aru-aru yana girma, lakar da ta tashi kuma ta sauka a kan na kusa ta shaƙe shi. Hanyar da ta fi ita ce a huda rami ta ƙarƙashin ƙasa daga tudu a ɓullo can bayan murjanin, tana da tsada amma ita ce daidai. Ga ƙarar buga ƙarafa a ruwa da ke damun manyan dabbobin teku, ga masunta da ake hana su wurin har a gama.

Ba yadda za a yi a amfana da ruwan maimakon a zubar?

Akwai, kuma Toronto ce ta yi abin da ya fi kyau a ganina. A tsarinsu na farko, ruwan da suka ɗebo ana fara tace shi a matatar ruwan sha ta birnin, ya bi ta tashar musayar zafi ta titin John ya ba da sanyinsa, sannan ya wuce famfunan gidajen mutane. Wato ruwan da birni zai ɗiba ko ta yaya ne aka ci moriyar sanyinsa a hanya, ba a mayar da ruwan ɗumi tafki kai tsaye ba. Da ruwan gishiri ba za a yi haka ba, amma a Kona takin nan da ake tsoro shi suka mai da jari, ana noman tsirran ruwa da shi, ana kiwon halittun ruwan sanyi, har cire masa gishiri ake yi a zuba a gora a sayar.

In abin yana da kyau haka me ya hana kowa yi?

Kuɗin farko. Aikin Honolulu ya fi shekara 10 ana shirinsa, an samu takardun izini, manyan gine-gine sun sa hannu, amma a Disambar 2020 aka rufe shi bayan kiyasin kuɗin ya tashi daga dala miliyan 275 zuwa miliyan 400. Abin ya ba ni takaici, don da an gina shi da yanzu muna da awon gaske na abin da ruwa mai yawa haka yake yi wa teku a bakin babban birni. Na otal-otal ƙanana ne, ba za a ɗauki sakamakonsu a ɗora wa birni ba. Sannan sai an dace da abu biyu a wuri ɗaya, zurfi kusa da gaɓa da kuma benaye a cunkushe masu buƙatar sanyi duk shekara.

Mu fa, za a iya yi a Najeriya ko Nijar?

A Kano ko Zinder ko Maiduguri babu hanya. Tafkin Chadi zurfinsa 'yan mitoci ne, dam irin na Tiga kuma ko da zurfi ƙasansa ba ya sanyi irin wanda ake buƙata, tunda ba mu da hunturun ƙanƙara da zai ajiye ruwan digiri 4 kamar yadda na faɗa a amsa ta farko. Tafkin Tanganyika ma da ya wuce mita 1,400 ƙasansa yana wajen digiri 23. 'Yan'uwa na Bur Sudan da Jidda su ma kada zurfin Bahar Maliya ya ruɗe su, ruwan ƙasanta ya haura digiri 21, don mashigarta ta kudu ba ta da zurfin da ruwan sanyin babbar teku zai shigo.

Legas tana da benaye da zafi da tsadar dizal, duk abin da zai sa a so tsarin, amma sai an yi tafiyar kilomitoci masu yawa cikin teku kafin ƙasa ta gangara, bututun zai yi tsawo ya yi tsada, ruwan kuma ya ɗan ɗumama a hanya. A yammacin Afirka inda Allah ya kawo zurfi kusa shi ne Abijan, akwai wani kwazazzabo a ƙarƙashin teku da ya faro daf da gaɓa wajen mashigar Vridi, Faransawa suka sa masa suna rami mara iyaka. In wata rana aka kawo maganar a can, ko a Akra ko Legas, masunta ne ya kamata a fara zama da su, a nuna musu taswirar inda bakin ɗiba da bakin mayarwa za su zauna, a auna ruwan wurin rani da damina tun kafin a tsoma bututu, a kuma rubuta a lasisi wanda zai ci gaba da aunawa bayan an kunna.